Bioguide: Kundin 'Yan Majalisar Amurka Ya San Ranar Kama Aiki, Bai San Girman Gona Ba

Shekara goma sha ɗaya Harry Truman, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi yana bin garma a gonar kakarsa ta wajen uwa, kusa da garin Grandview a jihar Missouri, daga 1906 har zuwa 1917. Gonar ta kai eka 600. Bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya buɗe kantin kayan maza a birnin Kansas City, kantin ya karye, ya yi shekaru yana fama da bashinsa, kafin ya zama sanata a 1935. Wanda ya buɗe shafinsa a kundin tarihin 'yan Majalisar Dokokin Amurka zai tarar cewa duk wannan noma an sallame shi da 'yan kalmomin da ba su cika layi ɗaya ba, kantin ma haka. Amma ranar da ya kama aikin majalisa, 3 ga Janairu 1935, da ranar da ya ajiye, 17 ga Janairu 1945, suna nan daram babu kuskure. Halin kundin ke nan daga farkonsa har ƙarshensa, kuma wanda ya gane haka tun da wuri zai ci moriyarsa ba tare da ya yi masa fatan abin da ba ya iyawa ba.

Cikakken sunansa Biographical Directory of the United States Congress, amma kowa Bioguide yake ce masa, adireshinsa kuma bioguide.congress.gov. Kyauta ne, ba a rajista, ba a tambayar lambar waya. Ma'aikatan tarihi na Majalisar Wakilai da na Majalisar Dattawa ne ke kula da shi. Yana ɗauke da taƙaitaccen tarihin mutum sama da 12,000, wato duk wanda ya taɓa zama ɗan majalisar tarayya tun daga 1789, haɗe da wakilan taron da ya ja ragamar ƙasar tun 1774, lokacin da ake ta-da-jijiyar-wuya da Ingila, da kuma wakilan yankunan da ba su kai ga zama jihohi ba. Da Turanci kawai yake. 'Yan majalisun jihohi ba sa ciki, sai wanda daga baya ya haura zuwa tarayya.

Akwatin bincikensa ba shi da wahala. Ana rubuta suna, ko a tace da jiha, ko jam'iyya, ko muƙami, ko lambar zangon majalisa. Kowane mutum yana da lambar shaida ta kansa: harafin farko na sunan danginsa, sai alƙaluma shida. Ta Truman ita ce T000387, ta Abraham Lincoln, wanda shi ma ya yi shugabancin Amurka, kuma L000313. Wannan lamba ta fi sunan amfani, don sunaye suna maimaituwa ƙwarai, uba da ɗa da jika duk suna ɗaya, wani lokacin ma daga jiha ɗaya. Wanda ke tara bayanai a kan mutum ya fara rubuta lambar a saman takardarsa. Wasu rumbunan bayanai na majalisa suna amfani da ita, don haka da ita za a bi sawun mutum daga wannan shafi zuwa wancan ba tare da an haɗa shi da takwaransa ba. Idan mutum yana da dangi a majalisa, kundin yakan ambata a farkon bayanin cewa ɗan wane ne, ko ƙanen wane. Wannan ɗan layi ya sha raba gardama.

Bayanin kansa jimla ɗaya ce doguwa da aka yanka gunduwa-gunduwa, kuma jerinta ba ya canzawa: jihar da ya wakilta, inda aka haife shi da ranar, karatu, sana'a, ƙananan muƙamai, zaɓensa zuwa majalisa da ranakun zangon, yadda ya bar kujera, abin da ya koma yi, ranar mutuwa, sai maƙabarta. Ƙarƙashin wannan, ga waɗanda aka yi rubutu a kansu, akwai jerin littattafai, da kuma jerin wuraren da aka ajiye wasiƙunsu da takardunsu. Wannan sashe na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali ga mai neman labarin gona da kanti shi ne mafi daraja a shafin. Idan littafin bashin kantin wani ɗan majalisa ya tsira daga gara da gobara, nan ne za a ga sunan jami'a ko ƙungiyar tarihi ta jiha da ke riƙe da shi.

Dalilin gajartar bayanin sana'a tsohon abu ne. Asalin kundin aikin wani marubuci ne, Charles Lanman, wanda ya fitar da shi a 1859. Hanyar da ya bi ita ce aika wa 'yan majalisa masu ci da tsofaffi takarda su faɗi tarihinsu da kansu. Lincoln ya ba shi amsa a 1858 cikin 'yan layuka: ranar haihuwa da wurin, cewa karatunsa ragagge ne, cewa shi lauya ne, ya yi kyaftin na 'yan sa-kai, ya riƙe wani ɗan ƙaramin gidan waya, ya yi majalisar jiha sau huɗu, ya kuma zauna a Majalisar Wakilai. Kantin da ya buɗe ya karye bai ko ambace shi ba. Wa zai tallata faɗuwarsa? An sake buga kundin sau da dama, ciki har da 1903, 1913, 1928, 1950, 1961, 1971, 1989 da 2005, aka ɗora shi a intanet a 1998, ana gyara ana ƙari, amma tsarin nan na ɗan siyasa ya faɗi muƙamansa ya yi shiru a kan aljihunsa ya zauna. Bugun 2005, mai shafi sama da dubu biyu, yana nan kyauta a shafin govinfo ga mai son ya sauke ya ajiye.

Yau kundin ya san Lincoln ya yi kanti a ƙauyen New Salem na jihar Illinois, ya faɗi haka a taƙaice ya wuce. Abin da ya wuce ya bari shi ne labarin. Shi da abokin cinikinsa William Berry da bashi suka sayi kayan kantin, ƙauyen kuma ya daina girma, don kogin Sangamon da aka sa rai jiragen ruwa za su riƙa bi bai ba su hanya ba. Ciniki ya mutu a 1833. Daga baya masu bin bashi suka sa aka kwace dokinsa da kayan aikinsa na safiyo aka yi gwanjonsu, wani abokinsa ya saya ya mayar masa. Berry ya rasu a farkon 1835, bashin da ya kai kusan dala 1,100 ya dawo wuyan Lincoln shi kaɗai, har yakan yi wa bashin ba'a da cewa bashin ƙasa ne. A kundin kuwa, kanti da gidan waya da safiyo da majalisar jiha an jera su kamar matakalar da mutum ya hau a natse, alhali gidan wayar da safiyon ayyuka ne da abokai suka samo masa don ya samu na sa wa a baki.

Ranaku su ne ƙarfin Bioguide, amma su ma sai an iya karanta su. Majalisar Amurka tana ƙidaya zangonta da lamba, kowane zango shekara biyu. Lissafin mai sauƙi ne: ninka lambar sau biyu, ka ƙara 1787, ka samu shekarar da zangon ya fara. Zango na 30 ya fara a 1847, na 74 a 1935, na 119 a 2025. In kuma shekara ce a hannunka, cire 1787, raba biyu, ka yar da ragowar: 1862 ta faɗa cikin zango na 37. Inda ake zamewa shi ne watannin farkon shekara. Kafin gyara na 20 da aka yi wa tsarin mulki a 1933, sabon zango yana farawa ne ranar 4 ga Maris, don haka abin da ya faru a Fabrairun 1849 na zango na 30 ne, ba na 31 ba. Daga 1935 aka koma 3 ga Janairu, kuma Truman yana cikin waɗanda suka fara shiga a sabuwar ranar.

Akwai tarko na biyu, wanda ya fi shafar mai nazarin manoma da 'yan kasuwa. Ranar da kundin ya ce zango ya fara ba ita ce ranar da mutum ya isa Washington ba. An zaɓi Lincoln a Agustan 1846, zangonsa ya fara a takarda ranar 4 ga Maris 1847, amma majalisar ba ta zauna ba sai 6 ga Disamba 1847. Wata goma sha shida ke nan tsakanin zaɓe da zama. Ta tashi a tsakiyar Agustan 1848, ta dawo farkon Disamba, ta rufe 3 ga Maris 1849. Cikin shekara biyu, zaman bai wuce kamar wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki ba. Wannan ne ya sa manomi ko mai kanti a ƙarni na 19 yake iya zama ɗan majalisa bai saki sana'arsa ba: a shekarar farko ta zangonsa shuka da girbi duk a gida suke samunsa, lokacin sanyi da gona ba ta da aiki yake tafiya. Albashin ma ba na sakin sana'a ba ne. A 1789 dala 6 ake biya kowace ranar zama, daga ƙarshen 1817 aka mai da ita dala 8, da kuɗin hanya gwargwadon nisa, sai a tsakiyar shekarun 1850 aka koma albashin shekara na dala 3,000. Duk wannan babu shi a kundin. Wanda ya ga an rubuta cewa wane ya bar majalisa ya koma noma sai ya ɗauka ya yi shekara biyu bai taka gonarsa ba, alhali wataƙila bai taɓa rasa girbi biyu a jere ba.

Yadda kundin ke faɗin barin kujera ma da 'yan kalmomi ƙayyadaddu ne: ko ya sake tsayawa ya faɗi, ko ya nemi jam'iyya ta sake tsayar da shi ta ƙi, ko bai nema ba, ko ya yi murabus, ko ya rasu a kan kujera. Bambancin yana da amfani, kuma galibi daidai ne. Sai dai dalili ba ya zuwa. Na Lincoln an ce bai sake nema ba a 1848, shi ke nan. Gaskiyar ita ce manyan jam'iyyar Whig na mazaɓarsa karɓa-karɓa suke yi da kujerar, kowa zango ɗaya, sannan sukar da ya yi wa yaƙin Amurka da Meziko ba ta yi wa mutanen gida daɗi ba, wanda jam'iyyar ta tsayar bayansa ma faɗuwa ya yi. Zango ɗaya ko biyu shi ne abin da yawancin 'yan majalisar wancan zamani suke yi, don haka gajeren zama ba alamar gazawa ba ne.

Sunayen wurare kuma kundin na zamanin abin yake bayarwa. Ya ce an haifi Lincoln a gundumar Hardin ta jihar Kentucky, kuma haka ne a 1809, amma wurin yau yana cikin gundumar LaRue da aka yanka a 1843. Wanda ya je neman takardun ƙasa a taswirar yau zai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Haka Maine tana cikin Massachusetts har 1820, West Virginia kuma tana cikin Virginia har 1863. Masu haihuwar kafin 1752 su ma a lura, don a shekarar ne Ingila da yankunan da take mulka suka sauya kalanda aka tsallake kwana goma sha ɗaya, shi ya sa George Washington ke da ranar haihuwa biyu a littattafai, 11 da 22 ga Fabrairu. Babban giɓin da ya fi ci wa mai bincike tuwo a ƙwarya shi ne, rubutun bayanin yakan faɗi jihar da mutum ya wakilta amma ba ya faɗin lambar mazaɓa, balle yawan ƙuri'u. Ga ɗan majalisar karkara kuwa mazaɓa ita ce rabin labarin: masu alkama ne suka zaɓe shi ko masu auduga, masu neman jirgin ƙasa ko masu tsoron haraji?

Kalmomi biyu suna yaudarar mai fassara. Ta farko alƙali. Kundin ya ce Truman ya yi alƙalin kotun gundumar Jackson daga zaɓen 1922, ya faɗi a 1924, ya dawo a matsayin babban alƙali a zaɓen 1926 har zuwa 1934. Bai taɓa yanke wa kowa hukunci ba. A Missouri ta wancan lokaci wannan kotu hukumar gudanar da gunduma ce, aikinta hanyoyi da gadoji da haraji da gine-ginen gwamnati, kuma da shimfiɗa hanyoyin karkara ya yi suna. Ya ɗan halarci makarantar koyon shari'a da dare amma bai kammala ba. Wanda ya fassara kalmar kai tsaye zai mai da manomi masanin shari'a. Ta biyu sunan jam'iyya. Republican a shekarun 1800 na farko jam'iyyar Thomas Jefferson ake nufi, ba ta da alaƙa da wadda aka kafa a 1854, wadda Lincoln ya shiga. Sannan duk inda aka ce an zaɓi wane sanata kafin gyara na 17 da aka yi wa tsarin mulki a 1913, a mafi yawan lokuta majalisar jiha ce ta zaɓe shi, ba talakawa ba.

Amma mafi nauyin abin da gajartar nan ke rufewa shi ne bauta. Kalmar noma a kundin ɗaya ce ga mai eka tamanin da ke huɗa da alfadarinsa shi da 'ya'yansa, da mai eka dubu uku wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, bayi ɗari ke masa aiki. Wani lokaci akan rubuta planter, kalmar da a jihohin Kudu ke nufin mai babbar gonar auduga ko taba ko rake, wanda kusan ko da yaushe bayi ke noma masa, amma ba kullum ake rubutawa ba, kuma rashinta ba shaidar wanke mutum ba ce. A Janairun 2022 jaridar Washington Post ta fitar da binciken da ya gano sama da 'yan majalisa 1,700 da suka mallaki bayi, daga baya adadin ya haura 1,800 da masu karatu suka riƙa kawo ƙarin shaida. Sai da aka bi takardun ƙidaya mutum bayan mutum kafin a kai ga wannan adadi, don kundin majalisar da kansa ba ya tattara shi. A nan kam shirun ya wuce a kira shi taƙaitawa.

To ina za a samo gonar? Ga ɗan majalisar da ya rayu tsakanin 1850 da 1880 hanyar a buɗe take, in an bi ta daki-daki. Daga Bioguide a ɗauki suna, gunduma da shekaru. A nemi mutumin a ƙidayar jama'a ta 1850, wadda ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane mutum da ba bawa ba a gida, da sana'ar maza, da ƙimar filin da mutum ya mallaka. Ta 1860 ta ƙara da ƙimar sauran dukiya, kuma a Kudu wannan adadi yakan kumbura ne saboda an lissafa bayi a ciki. Sai a koma takardar ƙidayar gonaki, wadda aka cike daban a 1850, 1860, 1870 da 1880. Ita ce ke nuna abin ido da ido: eka nawa aka share, nawa ke daji, kuɗin gonar, kuɗin kayan aiki, dawaki, alfadarai, shanun tatsa, shanun huɗa, tumaki, aladu, sannan yawan alkama da masara da ulu da man shanu na shekarar da ta gabata. A 1850 gonar da amfaninta bai kai dala 100 a shekara ba ba a sa ta. Takardar bayi ta 1850 da 1860 kuma tana ba da sunan maigida, amma su bayin shekaru da jinsi da launi kawai aka rubuta, babu suna. Bayan 1880 hanyar ta toshe: gobarar 1921 a Washington ta cinye yawancin ƙidayar 1890, takardun gonaki na 1900 da 1910 kuma gwamnati da kanta ta lalata su. Shi ya sa gonar Truman sai ta wasiƙunsa da takardun iyalinsa ake saninta.

Filin kansa ana iya duba shi a rumbun tsohon ofishin filaye na tarayya, wanda hukumar kula da filaye ta Amurka ta ɗora a intanet. Nan ake ganin wanda ya karɓi eka 160 ƙarƙashin dokar raba filaye ta 1862, wadda ta shardanta zama a kan filin shekara biyar. Iyakarsa, cinikin farko kawai yake nunawa, daga gwamnati zuwa mutum. Duk saye da sayarwa da jingina na bayan nan suna ofishin gunduma. Jihohi goma sha ukun farko, da irin su Kentucky da Tennessee da Texas, ba sa cikin wannan tsari, don haka rashin ganin suna a can ba ya nufin mutum ba shi da gona.

Kanti ya fi gona wuyar bi. Mafi kyawun shaida a kan ɗan kasuwar ƙauye na ƙarni na 19 ita ce littattafan kamfanin R. G. Dun, wanda asalinsa Lewis Tappan ya kafa a New York a 1841 don gaya wa manyan dillalai wanda za a ba kaya bashi da wanda za a hana. Wakilansa a ƙananan garuruwa, yawanci lauyoyi, Lincoln ma ya taɓa yi, sukan aiko da rahoto a kan kowane mai kanti: jarinsa, halinsa, ko yana sha, ko yana biya a kan lokaci, ko surukinsa mai kuɗi ne. Littattafan sun haura 2,500, da hannu aka rubuta su, an jera su jiha-jiha gunduma-gunduma, suna ɗakin karatu na Baker a Jami'ar Harvard. Ba a buɗe suke ga kowa a intanet ba. Wanda ba zai iya kaiwa can ba sai ya koma tsofaffin jaridu a Chronicling America, rumbun kyauta na Ɗakin Karatu na Majalisa, ya nemi tallar kanti, sanarwar raba jari, da sanarwar gwanjo. Na'ura ce ta karanta tsofaffin shafukan, tana yawan cin haruffa, don haka a gwada sunan ta rubutu biyu ko uku, a kuma haɗa shi da sunan garin.

Kantin Truman ya nuna abin da ake asara in aka tsaya ga kundin kaɗai. Shi da abokin cinikinsa Eddie Jacobson sun fara haɗa kai ne a sansanin soja a Oklahoma, inda suka riƙe kantin rundunarsu ya yi riba. A ƙarshen 1919 suka buɗe nasu a lamba 104, titin West 12th, daura da otal ɗin Muehlebach, suna sayar da riguna, huluna, safar hannu, bel da laktaye. Shekarar farko ciniki ya yi kyau, tsofaffin sojojinsa suna zuwa saye da hira. Sai farashin amfanin gona ya rushe a 1920 zuwa 1921, alkamar da ake sayar da ma'auninta sama da dala biyu ta koma wajen dala ɗaya. Manomi ya daina kashe kuɗi, birnin da ke ci daga manomi ya tsuke bakin aljihu, kayan da aka saro da tsada kuma da bashi suka zauna a kan kanta darajarsu na zubewa. Suka rufe a 1922. Jacobson ya je kotu aka ayyana shi a matsayin wanda ya karye a 1925, Truman ya ƙi, ya yi ta biya kaɗan-kaɗan har ya shiga Majalisar Dattawa da ragowar bashin. A 1940, yana tsakiyar neman zango na biyu, gunduma ta kwace gonar Grandview saboda jinginar da ba a biya ba, mahaifiyarsa mai shekara kusan casa'in ta kwashe kayanta. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin sanatan da a 1941 ya jagoranci kwamitin bin diddigin kuɗin kwangilolin soja yana tambayar farashin katako da siminti ba. Kundin ya ambaci kwamitin da lambobin zangonsa. Tom Pendergast, uban siyasar Kansas City da ya tsaya masa tun daga gunduma har majalisa, ba ka ganin rawar da ya taka.

Abin da mutum ya yi a zauren majalisa ma ba a nan yake ba. Babu ƙudurorin da ya gabatar, babu yadda ya jefa ƙuri'a, kwamitoci ma galibi sai wanda ya shugabanta ake ambata. Muhawarori suna cikin jerin littattafai huɗu da suka gaji juna: Annals of Congress daga 1789 zuwa 1824, Register of Debates zuwa 1837, Congressional Globe daga 1833 zuwa 1873, sai Congressional Record daga 1873 zuwa yau. Na farko-farkon ba kalma da kalma ba ne, an haɗa su ne daga rahoton jaridu, kuma ɗan majalisar ƙauye da ba ya yawan magana yana iya gama zangonsa sunansa bai fito ba sai wajen miƙa koken mutanensa a kan hanyar aika wasiƙu ko fanshon tsohon soja. Shafin congress.gov yana da cikakken bayanin 'yan majalisa da ƙudurorinsu daga 1973, ƙuri'u kuma tun daga zango na farko ana samunsu a wani shafin intanet mai suna Voteview.

Na zamanin nan bayaninsu ya ma fi na da gajarta, sana'a kalma ɗaya ce tak. Jon Tester, sanatan Montana daga 2007 zuwa 2025, yana noma eka wajen 1,800 kusa da Big Sandy, filin da kakanninsa suka fara nomawa, ya kuma taɓa riƙe wurin yankan nama a gonar. Irin wannan bayani ba a Bioguide ake samunsa ba. Sauƙin na yanzu shi ne, tun dokar ɗa'ar ma'aikata ta 1978 dole ne ɗan majalisa ya bayyana kadarorinsa da basussukansa kowace shekara, kuma takardun a buɗe suke ga jama'a. Sai dai ba adadi tsayayye ake rubutawa ba, tazara ce, daga kaza zuwa kaza, tazarar kuma tana da faɗi, ta yadda gona ɗaya za ta iya zama ta dala miliyan ɗaya ko ta miliyan biyar a layi guda.

Ga ɗalibi ko ɗan jarida da ke son tabbatar da cewa wane ya zauna a majalisa, yaushe, daga wace jiha, ƙarƙashin wace jam'iyya, babu inda ya kai Bioguide, kuma in ya saɓa da wani shafin intanet a kan ranar kama aiki ko ajiyewa, shi za a bi. A kan ranar haihuwa, karatu da sana'ar waɗanda ba su yi suna ba, musamman na kafin 1860, a ɗauke shi a matsayin shaida ɗaya da ke neman ta biyu, don yawancin bayanan daga bakin iyali suka fito shekaru da dama bayan mai su ya kwanta dama. Layin ƙarshe na kowane bayani, wanda ke faɗin maƙabarta da garin da take, shi ma a rubuta shi: gundumar da aka binne mutum galibi ita ce inda aka raba gadonsa, kuma a takardun rabon gado na kotun gundumar ne ake lissafa shanu ɗaya bayan ɗaya, da kayan da suka rage a kanti, da sunayen waɗanda suka ci bashi ba su biya ba.